Tarihin bugun ƙarashe a wasannin faɗa na bidiyo

A wasannin faɗa na bidiyo akwai wani bugu na musamman da ake yi wa abokin karawa a ƙarshen gumurzu. Ya fi shahara ne a wasan nan na Mortal Kombat, inda ake kiransa Fatality.

Shi dai wannan bugu ba shi ne ke kawo nasara ba. Sai an riga an cinye wasa, wanda aka rinjaya ya tsaya yana tangaɗi, sannan wata murya ta umarci mai nasara da ya ƙarasa shi.

Daga nan yana da 'yan daƙiƙoƙi ya tsaya a tazarar da ta dace, ya danna maɓallai bi da bi bisa wani tsari. Idan ya dace, sai allo ya yi duhu a nuna kisan. A fagen dambe in an ce an yi kisa, kai mutum ƙasa ake nufi. A nan kuwa kisan ake nunawa ƙiri-ƙiri, har da jini.

Asalinsa

Kamfanin Midway da ke birnin Chicago a Amurka ne ya fito da Mortal Kombat a shekarar 1992, a injinan wasa da ake jefa wa sulalla. Ed Boon da John Tobias ne suka jagoranci ƙirƙiro shi, shekara guda bayan da Street Fighter II na kamfanin Capcom na Japan ya mamaye kasuwa.

Maimakon zanen mutane, hotunan 'yan wasa na gaske aka ɗauka aka saka a cikinsa, abin da ya sa kisan ya fi tayar da hankali. Kowanne daga cikin mayaƙa bakwai na farko yana da nasa salon: Kano zaro zuciya yake yi, Scorpion ya ƙone mutum ƙurmus, Sub-Zero kuma ya fizge kai haɗe da ƙashin baya.

Ba a rubuta yadda ake yin bugun a jikin injinan ba. Daga baki zuwa baki matasa suka riƙa koyonsa, wanda ya iya kuwa sai a taru a bayansa ana kallo. Wannan sirri ya tallata wasan ƙwarai.

A Japan wata hanyar aka bi. Super Street Fighter II Turbo na 1994 ya zo da wani ma'auni da ke cika yayin da ake fafatawa, in ya cika a saki bugu mai ƙarfi wanda zai iya sauya sakamakon wasan.

Gaban majalisa

Ce-ce-ku-cen ya taso ne a watan Satumbar 1993, lokacin da wasan ya shiga gidaje. Kamfanin Nintendo ya mayar da jinin ya zama zufa, ya kuma sassauta kisan, yayin da a na'urar Sega ake iya dawo da jinin ta hanyar danna wasu maɓallai na sirri. Na Sega ne ya fi samun kasuwa.

A watan Disambar wannan shekara, Sanatoci Joe Lieberman da Herb Kohl suka jagoranci zaman jin bahasi a Majalisar Dattawan Amurka, inda suka gargaɗi kamfanonin cewa ko su tsara kansu, ko a yi musu doka.

Sakamakon haka ne a 1994 kamfanonin suka kafa hukumar ESRB, wadda ke rarraba wasanni bisa shekarun da suka dace da su. Harafin M da ke jikin kwalin Mortal Kombat na nufin daga shekara 17 zuwa sama, kuma shi ne abin da ya kamata iyaye su fara dubawa.

Masu wasan sun mayar da martani da shaguɓe. A Mortal Kombat II mai nasara na iya miƙa wa abokin gabansa kyauta, ko ya mayar da shi jariri, maimakon ya kashe shi.

A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar California da ta hana sayar wa yara wasanni masu tashin hankali, tana mai cewa 'yancin faɗin albarkacin baki ya shafe su. A shekarar ce kuma Ostireliya ta ƙi amincewa a sayar da sabon Mortal Kombat, har sai da ta buɗe rukunin 'yan shekara 18 a 2013.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna muhawara kan tasirin irin waɗannan wasanni. Ƙungiyarsu ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa akwai 'yar alaƙa tsakaninsu da saurin fushi, amma babu isasshiyar hujja ta danganta su da aikata ta'asa.

Kamfanin Midway ya durƙushe a 2009, Warner Bros ya sayi wasan. A Mortal Kombat X na 2015, bugun da a da sai an sha wahala ake iya shi ya zama haja: mai kuɗi na iya sayen damar yin sa da maɓallai biyu kacal.