Dayton: garin da ya tsira daga ambaliya, mota ta kwashe masa mutane

'Yan uwa marubuta, wannan makon mu leƙa Dayton, wani matsakaicin gari a jihar Ohio ta Amurka. An fi saninsa da 'yan uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, masu gyaran keke da suka ƙera jirgin sama. Ni tsakiyar garin ce ta fi jan hankalina, da yadda mutane ke zuwa cikinta.

A watan Maris na 1913 kogin Great Miami ya ɓalle ya shiga gari, har ruwa ya kai kusan ƙafa 20 a wasu tituna. John Patterson, mai kamfanin NCR da ke ƙera injin ajiyar kuɗi na kanti, ya sa ma'aikatansa suka koma ƙera kwale-kwale don ceton waɗanda suka maƙale a kan rufi. Da ruwa ya janye, mutanen gari suka yi karo-karo na dala miliyan 2, suka ɗauko injiniya Arthur Morgan. Zuwa 1922 an kammala madatsu biyar waɗanda a bushe suke zama, sai ruwa ya yi yawa suke tare shi. Tun daga nan kogin bai sake yi wa tsakiyar gari irin wannan ɓarna ba.

Mota ce ta yi abin da kogi ya kasa, kuma da hannun ɗan gari a ciki. A Dayton ne Charles Kettering ya ƙera sitatar lantarki da aka sa wa Cadillac a 1912, aka huta da murɗa ƙarfe a gaban mota kafin ta tashi. Tuƙi ya yi sauƙi, masu hali suka fara gina gidaje a bayan gari. A shekarun 1960 manyan hanyoyi suka ratsa unguwanni, kantuna suka bi masu saye. Garin da ke da mutum fiye da 262,000 a 1960 ya koma kimanin 137,000 a 2020. Kasuwar Arcade mai ƙubbar gilashi, wadda aka buɗe a 1904, an garƙame ta a 1991, sai a 2021 aka sake buɗe ta. An rushe katafaren kantin Rike's a 1999. NCR ma ta tattara ta koma jihar Georgia.

(A wancan lokaci na cikar gari, mawaƙi baƙar fata Paul Laurence Dunbar aikin tuƙa lif yake yi a wani bene na tsakiyar garin, yana tallata wa masu hawa littafinsa na farko. Mai kukan rashin makaranta ya duba wannan.)

Abin da Dayton ta riƙe shi ne wayoyin da ke saman titunanta. Tun 1888 ake jigilar mutane da lantarki a garin. A 1933, bayan gobara ta cinye taragon wani kamfani, aka kawo bas mai jan wuta daga waya, kuma har yau tana aiki, alhali garuruwan Amurka da suka rage da irinta ba su cika biyar ba.

Sai dai bas ta zama ta wanda ba shi da mota, aiki kuwa ya koma bayan gari. A 2011 majalisar Beavercreek, wani gari na masu hali a gefen Dayton, ta ƙi yarda a kafa tashoshin bas kusa da babbar kasuwarta ta zamani. A ganina ma'anar a fili take: ana son ma'aikacin, ba a son motar da za ta kawo shi. A 2013 hukumar manyan hanyoyi ta tarayya ta yanke cewa matakin ya saɓa wa dokar hana wariyar launin fata, domin baƙaƙen fata ya fi cutarwa, kuma garin na iya rasa kuɗin hanya na gwamnatin tarayya. Majalisar ta sauko, bas ta fara tsayawa a can a Janairun 2014.