Ruwan Wuƙa Da Ƙotarta: Wani Tarihi A Hanyar Kusada

A farkon shekarar 1851 wani Bature Bajamushe, Dokta Barth, wanda mutanenmu suka sani da sunan Abdulkarim, ya tashi daga Katsina za shi Kano. Ya bi ta Kusada, ya ga ganuwarta, ya rubuta a littafinsa cewa gari ne mai daraja. A zamanin nan Kusada tana kan turbar ayari, watau hanyar da fataken Asbin da Larabawan Gadamas ke bi da raƙumansu zuwa kasuwar Kano. To, 'yan makaranta, cikin kayan da ayarin Sahara ke kawowa akwai wani abu guda da muke so mu duba tare da ku yau.

Abin nan shi ne ruwan takobi, tsirara, ba ƙota ba kube. Barth ya ƙiyasta cewa ana shigo da wajen 50,000 Kano kowace shekara, kowane ɗaya a bakin kuɗi 1,000 na wuri. Ya ce kusan duk waɗanda ya gani ƙirar Solingen ne, wani gari na maƙera a ƙasar Jamus. Sai sun iso Kano kāna a sa musu ƙota, a ɗinka musu kube, sa'an nan Hausawa da Fulani da Abzinawa da Nufawa da Barebari su saya.

Ku yi tunani. Ƙarfen nan an gama shi sarai a Turai, an ba shi ruwa, an goge shi har yana ƙyalli. Ya ƙetare teku zuwa Tarabulus, ya yi watanni a bayan raƙumi bai sami ko tabo ba. Ga shi yanzu a hannun mai sa ƙota, wanda zai iya ɓata shi kafin ruwa ya tafasa a tukunya. Irin wannan haɗarin ne ke gaban kowane maƙerin ƙauye in ya gama 'yar wuƙar yankan kubewa ya zo sa mata ƙota, ko da yake hasararsa ba ta kai ta mai takobi ba.

Babban abokin gaba a nan shi ne wuta, ita da ta haifi wuƙar. In maƙeri ya gasa ƙarfe mai kyau ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa ko a mai, sai ya yi tauri ƙwarai. Wannan taurin shi ke riƙe kaifi. Amma in ƙarfen ya sāke shan zafi, taurin sai ya riƙa saki. Gogaggen ƙarfe yakan faɗi haka da launinsa. A wajen digiri 230 na ma'aunin zafi yakan yi ruwan kara, wannan bai yi ɓarna ba. A wajen digiri 300 ya koma shuɗi, daga nan gaba kuwa kaifi ya fara lalacewa. Ja da ido ke gani ba ya fitowa sai zafi ya haura digiri 500. Kun ga ke nan ɓarnar takan auku tun ƙarfe bai nuna alamar ja ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tsohuwar hanyar sa ƙota a ƙasarmu, ta fartanya da gatari da wuƙa, ita ce a gasa siririn gindin nan da ke shiga cikin itace, mu kira shi wutsiya, a cusa shi cikin ƙota yana hayaƙi har ya ƙona wa kansa mazauni daidai jikinsa. Dabara ce mai kyau, ba ƙusa ba danƙo. Sai dai zafi ba ya tsayawa inda aka ajiye shi, yakan bi ƙarfe ya hau. Maganinsa shi ne a naɗe ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma, ko a kafa shi cikin ɗanyen yumɓu, a bar bakin wutsiya kaɗai ya sha garwashin ƙirya. A fara huda ƙotar tukuna, don kada a yi ta maimaita gashi. Gwani kuwa yakan gasa wani ƙarfe dabam mai kamar wutsiyar, ya ƙona ramin da shi, wuƙar kanta ba ta kusanci wuta ba. A ganinmu wannan ta fi duka. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, amma wannan magana ta farkon aiki ce.

Bayan wuta sai awartaki da magagari, masu barin zane a jikin ƙarfe in ba a sa ƙyallen fata tsakani ba. Ga takubban Solingen wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama masu saye sukan duba tambarin da ke jikin ruwan, kamar na jinjirin wata, su ƙimanta takobi da shi, har maƙeran ƙasar nan suka riƙa kwaikwayonsa. Fatar ma tana da nata sharaɗi. Jimar da aka yi da bagaruwa, in ta jiƙe ta kwanta a kan ƙarfe, takan baƙanta shi. Saboda haka da an kwance tsumma sai a share wuƙar ta bushe, a shafa mata man gyaɗa ko man kaɗe don tsatsa. Wasin ƙarshe kuma akan bar shi sai ƙota ta zauna, domin a tsare kaifi, a tsare yatsun mai aiki.

Aikin takobi a birni ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai maƙerin baƙi, akwai maƙerin fari mai aikin tagulla da azurfa, akwai baduku mai rufe mariƙi da fata ya ɗinka kube. Ruwan takobi ɗaya yakan bi hannu uku, kowa kuwa dole ya miƙa shi ga na gaba yadda ya karɓa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin Sahara ya ja da baya, ƙarfen Turai ya fara zuwa ta kudu. Sannu a hankali masu narka tama suka bar sana'a, maƙera suka koma ga tsofaffin ƙarafa, musamman sifirin mota. Wani zai zaci wannan ya sauƙaƙa aiki. Ta wata fuska ya ƙara shi ne, gama baƙin ƙarfe mai taushi ba shi da taurin da zai rasa, sifirin kuwa yana shan ruwa sosai, yana kuma sakinsa in ya ji wuta. Maƙerin da ke sa ƙota a wuƙar sifiri a kasuwar Kusada ko ta Kankiya, matsalarsa ɗaya ce da ta mai sa ƙotar takobi a Kano a shekarar da Barth ya wuce.