Doki ya kayar da ɗalibi: wa ke biyan diyya?

Tun daɗewa shari'a ke neman wanda za ta ɗora wa alhakin ɓarnar dabba. A tsohuwar Roma, wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa, doka ta ba mai dabba zaɓi biyu: ko ya biya diyya, ko ya miƙa dabbar ga wanda ta cuta. A fiƙihun Malikiyya kuwa, kamar yadda almajirai ke karantawa cikin Risala, mahayi da mai ja da mai kora su ke lamunin abin da dabba ta taka.

A Faransa, kundin dokokin Napoleon na 1804 ya tattara maganar cikin aya ta 1385: mai dabba, ko wanda take hannunsa yana aiki da ita, shi ke ɗaukar nauyin ɓarnarta, ko da tsinkewa ta yi ta gudu. A 1885, cikin shari'ar Montagnier, babbar kotun ƙasar ta ƙara tsanantawa: bai isa mai dabba ya ce bai yi sakaci ba, sai ya tabbatar da aukuwar abin da ya fi ƙarfin kowa, ko laifin wanda aka raunata. Wannan ayar na cikin kundin da Nijar ta gada a 1960. A Faransa an sake mata lamba a 2016, ta koma 1243.

To, amma ayar tana kare wanda doki ya harba yana wucewa ne, ba ɗalibin da ke bisa sirdi ba. Tsakanin ɗalibi da makarantar koyon hawa akwai yarjejeniya, kuma dokar Faransa ba ta barin mutum ya tsallake yarjejeniya ya fake da waccan aya. Nan ne alƙalai suka yi aiki da bambancin da masanin shari'a René Demogue ya fayyace a shekarun 1920: akwai alkawarin kai mutum ga biyan buƙata, akwai kuma alkawarin yin iyakar ƙoƙari. Mai jirgin ruwa, tun hukuncin 1911, wajibi ne ya sauke fasinja lafiya, don fasinja zaune kawai yake. Mahayi kuwa shi ke riƙe da linzami, dokin kuma rai gare shi, yana iya firgita ko ya yi tutsu ba sanarwa. Saboda haka makaranta ba ta lamunin cewa ba za a faɗi ba. Abin da ke kanta shi ne taka tsantsan.

Sakamakon yana da nauyi ga iyalai. Yaron da ya karye a baya ba ya samun diyya daga makaranta sai iyayensa sun nuna inda aka yi sakaci: an ɗora sabon shiga bisa doki mai tutsu, ba a ɗaure majayi da kyau ba, ba a ba shi hular kwano ba, ko malami ya sa shi sukuwa tun bai iya zama ba. Don sassauta wannan, a shekarun 1980 kotu ta raba mai ba da hayar doki ga gwanaye da mai fita yawo da waɗanda ba su taɓa sa ƙafa a likkafa ba, ta ce na biyun ya fi cancanta a tsananta masa. Dokar wasanni ta 16 ga Yuli 1984 kuma ta wajabta wa ƙungiyoyin wasanni yin inshora.

Ke nan shari'a ba ta hana doki kayarwa ba, ba ta kuma mayar da kowace faɗuwa laifi ba. Ma'aunin da ta tsayar shi ne: gwargwadon rashin sanin ɗalibi, gwargwadon nauyin da ke wuyan malaminsa.