Ido Yana Bukatar Rana: Tarihin Rashin Ganin Nesa da Darasinsa ga Arewacin Zamfara

Duk wanda ya tashi a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ya san cututtukan ido da sunayensu: amosanin ido mai karkato da gashin ido yana gogar ƙwaya, da yana mai rufe ganin tsofaffi, da dundumi, da hakiyar da ƙyanda kan bari. Kusan dukkan tarihin kula da ido a Arewa yaƙi ne da waɗannan. Saboda su mishan ɗin SIM suka buɗe asibitin ido a Kano a farkon shekarun 1940, wanda yau ake kira asibitin ECWA, saboda su kuma aka kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ƙungiyar Sightsavers kuma ta shafe shekaru tana tallafa wa rabon magani da aikin fatar ido a Zamfara.

Amma akwai wata lalurar da Hausa ba ta raɗa mata suna ba, sai dai a siffanta ta: rashin ganin nesa, wadda likitoci ke kira mayofiya. Yaro yana karanta littafi sarai, amma rubutun allon aji ya zame masa hazo. Dalili shi ne ƙwayar idonsa ta yi tsawo fiye da kima, sai hoton abin da ke nesa ya haɗu kafin ya isa tantanin gani da ke bayan ido. Yawanci tana somawa tsakanin shekara 6 zuwa 12, ta ci gaba har wajen shekara 20, kuma ƙwayar da ta miƙe ba ta komawa. In ta yi tsanani, haɗarin ɓallewar tantanin gani da hawan jinin ido yana ƙaruwa a girma.

Tarihi ya nuna cewa makaranta take bi. A 1867 wani likitan ido mai suna Hermann Cohn ya wallafa sakamakon duba yara kimanin 10,000 a Breslau, birnin da yanzu yake ƙasar Folan. A makarantun ƙauye bai samu ko 2 cikin 100 masu lalurar ba, amma a manyan makarantun birni ya tarar da fiye da ɗaya cikin huɗu. Cohn ya ɗora laifin kan duhun azuzuwa da sunkuyawa a kan littafi. Daga baya hankali ya karkata ga gado, har zuwa 1969, lokacin da aka duba mutanen Inuwit na arewacin Alaska: iyaye da kakannin da suka tashi a farauta kusan dukkansu garau suke gani, amma fiye da rabin 'ya'yansu da suka shiga aji ba sa ganin nesa. Gado ba ya sauyawa a zuriya ɗaya. Rayuwa ce ta sauya.

Gabashin Asiya ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa. Wani binciken da aka buga a 2012 ya samu lalurar a kashi 96.5 cikin 100 na samari 'yan shekara 19 a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu. Neman mafita ya kai masana ga abin da ba a saye da kuɗi. A 2008 aka gano a birnin Sidni na Ostireliya cewa yaran da suka fi daɗewa a waje sun fi tsira. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne haske mai ƙarfi yana sa tantanin gani ya fitar da sinadarin dofamin, wanda ke rage saurin miƙewar ƙwaya, kuma ko inuwar bishiya ta ninka aji haske sau da yawa. A 2010 Taiwan ta umurci makarantu su riƙa fitar da yara minti 120 kowace rana, adadin masu raunin gani kuma ya soma sauka. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ƙarin minti 40 a waje ya rage sababbin kamuwa daga kashi 39.5 zuwa 30.4 cikin shekara uku. Da kullen korona ya tsare yara a gida a 2020, sai aka ga akasi: a gundumar Feicheng, kamuwar 'yan shekara 6 ta haura zuwa kashi 21.5, alhali a shekarun baya ba ta kai 6 ba.

A Afirka har yanzu kimanin yara 5 cikin 100 ne ke da lalurar. Ba baiwar jini ba ce kawai, akwai hannun tarbiyya: kiwo, da gona, da langa a dandali, da karatun allo a ƙofar gida. Wannan garkuwar ce ke zaizayewa a arewacin Zamfara, ta fuska biyu. Ta farko alheri ce, wato yaɗuwar boko a yankin da layin dogo ya iso a 1929, aka kuma kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda a 1983. Ta biyu masifa ce. Ta'addancin 'yan bindiga ya raba ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da gonakinsu, ya cusa iyalai cikin gari, a Satumban 2021 ma gwamnatin jiha ta rufe dukkan makarantu. Uwar da ta hana ɗanta fita tana da hujja. Sai dai yaron da ya wuni a ɗaki da waya a hannu yana cikin irin yanayin da ya sauya idanun yaran Feicheng, kuma 'ya'yan ma'aikata, masu darasin yamma da kwamfuta, su ne a sahun gaba.

Abin yi bai fi ƙarfinmu ba. Awa biyu a waje kowace rana, ko da a tsakar gida ne ko harabar makaranta mai katanga, domin haske ake nema, ba nisan tafiya ba. A duba idon yaro kafin ya shiga firamare, sannan kowace shekara. Malamin aji ma zai iya gwajin farko da allon haruffa daga nisan mita shida. A lura da mai ƙanƙance ido, da mai matsowa kusa da talabijin, da mai kwafar aiki daga littafin maƙwabci, kafin a kira shi daƙiƙi. In likita ya rubuta tabarau, a saya a kuma sa: zancen cewa gilashi yana ƙarasa kashe ido ba shi da tushe, rage masa ƙarfi da gangan ma ba ya hana lalurar ci gaba. In lambar gilashin tana hawa da sauri, akwai ɗigon atrofin mai sauƙin ƙarfi da aka gwada a Singafo, da gilasai na musamman, amma sai da kulawar likitan ido.

Amosanin ido ya makantar da kakanninmu kafin magani ya iso. Wannan karon labari ya riga cutar isowa, kuma rigakafinta tana fitowa daga gabas kowace safiya.