Gwajin da Ba Ya Faɗuwa: Bayanin Nau'i a Iƙirari da Ma'aunan Gwajin Manhaja, da Misali daga Dukawuya

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake bayyana nau'in bayanan da ma'aunan gwajin manhaja ke karɓa a Jest da Jasmine da Hamcrest, sannan ta gwada su da irin bayanan da ƙaramar manhajar karɓar kuɗin makaranta a unguwar Dukawuya za ta riƙe: kuɗi, lambobin shaida, da sunaye masu haruffa masu lanƙwasa. An nuna cewa sakacin nau'i ba ya yin ɓarna sosai a iƙirarin tabbatarwa, amma a iƙirarin korewa yana haifar da gwajin da ba zai taɓa faɗuwa ba. An kuma nuna cewa kurakuran da suka fi haɗari a bayananmu suna faruwa ne tsakanin abubuwan da kwamfuta ke yi wa kallon nau'i ɗaya.

Gabatarwa

Gwaji mai sarrafa kansa ɗan guntun kod ne da ke kiran wani sashe na manhaja, ya karɓi abin da ya fito, ya kwatanta shi da abin da ake tsammani. Jimlar da ke yin wannan kwatanci ita muke kira iƙirari a nan, abin da take aunawa da shi kuwa ma'auni. Idan aka rubuta `expect(bashi).toBe(0)`, jimlar gaba ɗaya iƙirari ce, `toBe` kuma shi ne ma'aunin. In sun dace gwaji ya yi kore, in ba su dace ba ya yi ja.

Tunanin iƙirari ya girmi kayan gwajin da muke amfani da su. Alan Turing ya taɓo shi a 1949, Robert Floyd a 1967 da Tony Hoare a 1969 suka kafa masa ƙa'ida. Kent Beck da Erich Gamma sun rubuta JUnit a 1997, kuma a 2007 sigarsa ta 4.4 ta shigo da `assertThat` da ma'aunan Hamcrest. A ɓangaren JavaScript, Jasmine ya yaɗa salon `expect`, Jest na kamfanin Facebook ya bi sahu a 2014. Da Microsoft ya fitar da TypeScript a Oktoban 2012, sai aka buƙaci wasu takardu na daban da za su gaya wa mai tantance nau'i abin da kowane ma'auni ke karɓa da abin da yake mayarwa. Yawancinsu suna zaune a rumbun DefinitelyTyped. Su ne bayanin nau'i, kuma su ne jigon wannan nazari. Ba kasafai maginin manhaja ke buɗe su ba, alhali su ke yanke hukuncin irin shirmen da za a bari ya rubuta a gwajinsa.

Hanyar nazari

An bi hanya biyu. An karanta sa hannun ma'aunan daidaito a takardun nau'i na ƙunshin gwaji guda uku, sannan aka gina misali domin wannan nazari: manhajar da ke rubuta sunan ɗalibi, adireshin gidansu, lambar wayar uba ko waliyyi, da kuɗin wata a wata makarantar Islamiyya da aka ƙaddara tana Dukawuya, unguwar da ke ɗauke da sunan ɗaya daga ƙofofin ganuwar Kano, kusa da tsohon matsugunin Jami'ar Bayero. Misalin ƙirƙira ne, amma siffar bayanan ta zahiri ce.

Abin da takardun nau'i suke faɗa

A takardar Jest ta DefinitelyTyped, `toBe` da `toEqual` suna karɓar kowane irin abu. Ba a ɗaure abin da ake tsammani da abin da aka samu ba. Takardar da Jest ke zuwa da ita da kansa ma haka take, sai dai ta yi amfani da `unknown`. Ta Jasmine ta fi tsauri: abin da ake tsammani dole ya zama nau'in abin da aka samu, ko kuma ɗaya daga ma'aunan musamman da aka lissafa.

Masu kare sassaucin Jest suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. In mutum ya kwatanta adadi da jerin haruffa, gwajin zai yi ja da zarar an kunna shi, to me ya yi zafi? Wannan gaskiya ne a iƙirarin tabbatarwa. Inda gizo ke saƙa shi ne korewa. A ce an rubuta gwaji don tabbatar da cewa ɗalibin da bai biya kuɗin wata ba yana da bashi: `expect(bashi).not.toBe(0)`. Bayan wata shida wani ya gyara manhajar, bashi ya koma fitowa a matsayin jerin haruffa domin a buga shi a rasit. A wannan gyaran sai kuskure ya shiga, bashin kowa ya koma "0". `toBe` yana aiki da `Object.is`, wanda a wurinsa harafin "0" da adadin 0 ba abu ɗaya ba ne. Saboda haka korewar ta tabbata, gwaji ya yi kore. Zai kuma ci gaba da yin kore har illa masha Allahu, ko me manhajar ta fitar. Malamin da ke riƙe da littafin kuɗi shi zai fara gano matsalar, ranar da ya ga babu ɗalibi ko ɗaya da ake bi. Da takardar Jasmine, mai tantancewa zai ƙi wannan jimla tun kafin a kunna komai.

Hamcrest ya ba da darasi na daban. Sa hannun `assertThat` ya ɗaure nau'in abin da aka samu da na ma'auni, kuma a Java 7 hakan yana hana kwatanta jerin haruffa da adadi. Da Java 8 ya zo a 2014 da ingantaccen tsarin gano nau'i, sai mai tantancewa ya iya nemo wani nau'i na sama da ya haɗa su biyun, jimlar ta wuce. Ba a taɓa ko harafi ɗaya a sa hannun ba, amma tsaron ya ragu. Ke nan ƙarfin bayanin nau'i bai tsaya ga abin da aka rubuta ba, ya dogara da yadda mai tantancewa ke cike gurbin da aka bar masa. Irin wannan damuwa ce ta sa TypeScript 5.4 ya kawo `NoInfer` a 2024, don a iya cewa kada a ɗauko nau'i daga wannan gurbi.

Naira da kobo, da lambobi goma sha ɗaya

Ko da Jest ya yi tsaurin Jasmine, ba zai kama manyan kurakuranmu ba. Tun 1 ga Janairun 1973 kuɗinmu naira ne da kobo, kobo ɗari a naira ɗaya. Malami yana lissafi da naira, amma tsarin biyan kuɗi na Paystack yana karɓar adadi a kobo. Kuɗin wata na naira 2,000 shi ne 200000 a wurinsa. A idon TypeScript duka biyun `number` ne. Gwajin da ya ce `toBe(2000)` a inda ake nufin kobo ya amince da naira ashirin ke nan, kuma in wanda ya rubuta gwajin shi ne ya rubuta kod ɗin da irin fahimta ɗaya, za su gaskata juna su wuce. Ma'auni a nan kamar mudun da ba a san ko na shinkafa ba ne ko na gishiri: ya cika dai, amma ba a san da me ba.

Wasu kan kauce wa kobo su riƙe naira da ɗigo, sai su ci karo da cewa 0.1 da 0.2 a JavaScript suna ba da 0.30000000000000004. Daga nan su koma ga `toBeCloseTo`, wanda in ba a gaya masa komai ba yana yafe bambancin da bai kai 0.005 ba, wato rabin kobo. A rasit ɗaya ba komai ba ne. A ra'ayin marubucin nan dai, ganin wannan ma'auni a gwajin kuɗi alama ce ta cewa tun farko an zaɓi nau'in da bai dace ba.

Lambobin shaida sun fi wannan rikici. Lambar waya a Nijeriya, in aka rubuta ta da sifilinta na farko, lamba 11 ce. Lambar NIN ta hukumar NIMC 11 ce. Lambar BVN da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014 ita ma 11. Lambar asusun banki ta tsarin NUBAN 10 ce. To, a mayar da lambar waya adadi, sifilin farko ya faɗi, ta koma 10, daidai tsawon lambar asusu. Ma'aunin da ke duba tsawo kawai ba zai bambance lambar wayar waliyyi da NIN ɗinsa ba.

Maganin da aka saba da shi a TypeScript shi ne yi wa nau'i tambari: a haɗa `number` da wata alama ta ƙarya da babu ita lokacin aiki, a samu `Kobo` da `Naira` waɗanda mai tantancewa ba ya yarda a musanya. Sai a gina ma'auni na musamman ta `expect.extend`, a faɗaɗa `Matchers` ta yadda sabon ma'aunin ba zai kiru ba sai abin da ake aunawa `Kobo` ne:

`toZamaKobo: T extends Kobo ? (k: Kobo) => R : never`

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, bayanin yana wuri ɗaya, ainihin kod ɗin ma'aunin yana wani wuri, kuma babu abin da ke tilasta su dace sai kulawar mai rubutu. Na biyu ya fi yawan kama mutane: Jest idan yana tafiya da Babel, haka Vitest a gwajinsa na yau da kullum, suna cire nau'i ne su yar ba tare da sun duba ba. In ba a kunna `tsc --noEmit` daban ba, ko a yi amfani da ts-jest, duk wannan tsaro ado ne kawai.

Iƙirarin da ake ɗauka bisa amana

TypeScript 3.7 na Nuwamban 2019 ya kawo sa hannu mai cewa `asserts x is T`, wato in wannan kira ya dawo lafiya, a ɗauki `x` a matsayin `T`. Takardar nau'i ta Node ta yi amfani da shi a `assert.strictEqual`. Salon `expect` bai ci moriyarsa ba, domin sa hannun yana iya magana ne kawai a kan abin da aka miƙa wa kiran kai tsaye ko a kan `this`. Shi ya sa bayan `toBeDefined` mai tantancewa yake ci gaba da zargin cewa abin zai iya zama babu. Abin lura shi ne mai tantancewa ba ya leƙa cikin kiran ya ga ko da gaske an duba. Wanda ya rubuta `asserts x is LambarWaya` alhali tsawo kawai ya ƙirga, ya buga wa NIN hatimin lambar waya, kuma daga nan babu mai sake tambaya. Su ma bayanan nau'in suna buƙatar gwaji, da `@ts-expect-error` na TypeScript 3.9 ko `expectTypeOf` na Vitest, inda ake tabbatar da cewa jimlar da ya kamata a ƙi an ƙi ta.

Ƙofa ko Kofa

Sai adireshi. Wani uba zai rubuta "Ƙofar Dukawuya", wani "Kofar Dukawuya" don wayarsa ba ta da harafin, wani ma ya raba sunan biyu, "Duka Wuya". A Unicode, K shi ne U+004B, Ƙ kuma U+0198, kuma babu wata alaƙar warwarewa tsakaninsu. Dabarar daidaita rubutu ta NFC da NFD, wadda ke haɗa ko raba harafin Faransanci da alamar da ke kansa, ba ta taɓa ɓ da ɗ da ƙ ko kaɗan. Haka ya kamata, domin su haruffa ne masu zaman kansu, kuma tsarin jeranta Hausa na CLDR ma haka ya ɗauke su. Ga kuma alamar hamza a Sa'adatu ko Mu'azu, wadda kan zo a U+0027 ko U+2019 ko U+02BC gwargwadon madannin da aka buga da shi, ido kuwa ba ya bambance su. Ɗalibin da iyayensa suka zo daga Maraɗi zai iya kawo takarda mai ƴ inda mu muke rubuta 'y.

Gwajin da ya faɗi a nan yakan ba da saƙo mai ban haushi: abin da ake tsammani da abin da aka samu, layi biyu iri ɗaya sak a allo. Ma'aunin Hausa na kirki ya kamata ya buga lambar harafin da aka saɓa a kai.

Sauƙin da zai fara zuwa wa magini shi ne ya yi ma'auni ɗaya mai share lanƙwasa ya yi amfani da shi ko'ina. Wannan zai mayar da ƙura kura, ƙafa kafa, ƙasa kasa. A akwatin neman suna, sassaucin alheri ne: sakataren makaranta ya buga "Kofar" ya samu "Ƙofar". A takardar shaidar sauka da za a buga sunan yaro da na unguwarsu, sassaucin ɓarna ne. Saboda haka misalin ya raba nau'i biyu masu tambari, `RubutunAsali` da `MabuɗinNema`, ya ba kowanne ma'auninsa, ya hana ma'aunin nema karɓar rubutun asali. Haɗa alamomin hamza uku zuwa ɗaya ya halatta a duka biyun, tunda ba ya canza kalma. Share lanƙwasa kuwa a mabuɗin nema kaɗai. Batun 'y da ƴ an bar shi a rubutun asali yadda mai suna ya kawo shi. Ko "Duka Wuya" da "Dukawuya" za su zama mabuɗi ɗaya, wannan jadawalin sunayen unguwanni ne zai yanke, wanda sakataren makarantar zai cike da hannunsa, ma'aunin ya karanta daga ciki.