Suɓul da bakan da ya buɗe katangar Barlin

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Idan bakin talaka ya suɓuce, abin yakan tsaya a zaure ko a kasuwa. Amma furucin mai mulki, ko da bai auna shi ba, jama'a kan ɗauke shi tamkar doka. Tarihin Jamus ya bar misali guda da ya cancanci nazari.

A ranar 13 ga Agusta 1961 gwamnatin gurguzu ta Jamus ta Gabas ta fara kewaye Barlin ta Yamma da shinge mai tsawon kilomita wajen 155, domin ta hana mutanenta gudu. Aƙalla mutum 140 suka rasa rayukansu a wannan katanga. Zuwa 1989 mulkin ya fara tangal-tangal. Ƙasar Hungari ta buɗe iyakarta da Ostiriya, dubban Jamusawan Gabas suka bi ta can suka tsere, waɗanda suka rage kuma suka cika titunan Leipzig da zanga-zanga. A ranar 18 ga Oktoba aka sauke shugaba Erich Honecker, Egon Krenz ya gaje shi.

Sababbin shugabannin sun ga babu makawa sai an sassauta dokar fita waje. Nufinsu shi ne a yi abin cikin tsari: kowa ya je ofishin ƴan sanda ya nemi biza, dokar kuma ta fara aiki ranar 10 ga Nuwamba, bayan an sanar da masu gadin iyaka. Da yammacin 9 ga Nuwamba, Krenz ya miƙa takardar ga kakakin jam'iyya, Günter Schabowski, wanda ba ya wurin sa'ad da aka tattauna ta. Schabowski ya saka ta cikin takardunsa ya nufi taron manema labarai da ake watsawa kai tsaye a talabijin.

Gab da ƙarfe 7 na yamma wani ɗan jaridar Italiya, Riccardo Ehrman, ya tayar da batun tafiye-tafiye. Schabowski ya lalubo takardar ya karanta ta cikin inda-inda. Da aka tambaye shi yaushe dokar za ta fara aiki, sai ya duba bai ga amsa ba, ya ce a iya saninsa nan take ne, ba tare da jinkiri ba.

Ƙarfe 8 na dare talabijin na Jamus ta Yamma, wanda mutanen Gabas ke kallo, ya ba da labarin cewa an buɗe iyaka. Jama'a suka yi dafifi zuwa ƙofofin katanga, alhali masu gadi ba su sami wani umarni ba. A mashigar titin Bornholmer, hafsa Harald Jäger ya yi ta buga wa manyansa waya, babu wanda ya yarda ya ɗauki alhakin ba da izinin harbi ko na buɗewa. Wajen ƙarfe 11 da rabi ya sa aka ɗaga shingen. Sauran mashigai suka bi sahu a daren. Ranar 3 ga Oktoba 1990 Jamus biyu suka haɗe.

Kuskure ne a ce kalmomin mutum guda suka rushe katangar shekara 28. Ruwa ya riga ya ci gindin ginin: tattalin arziki ya raunana, tsoro ya fita daga zukatan mutane, Tarayyar Sobiyet ta Gorbachev kuma ba ta da niyyar turo tankokin yaƙi. Abin da suɓul da bakan ya yi shi ne ya ƙwace wa gwamnati ikon zaɓen lokaci, ya kuma tona wa duniya cewa shugabanninta ba su san abin da suka zartar da kansu ba. Gwamnati mai ƙarfi da ta gyara zancen cikin sa'a guda. Wannan kuwa ba ta iya ba.

Shi kansa Schabowski furucin bai wanke shi ba. A 1997 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 3 saboda hannunsa a kashe-kashen bakin iyaka, ya kuma amsa cewa yana da alhaki. Ya rasu a 2015, a Barlin da babu katanga.