Karatun Nazarin Laifuka a Jami'o'in Najeriya da Guraben Aikin da Dokokin 2015 da 2019 Suka Buɗe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dangantakar da ke tsakanin karatun nazarin laifuka da ayyukan da ke jiran ɗalibansa. An bi hanyar nazarin dokoki, inda aka ɗora bincike a kan Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019. An gano cewa dokokin biyu sun samar da fagen hukunci ba tare da ɗauri ba, wanda ke buƙatar ƙwararru, alhali hankalin ɗalibai ya fi karkata ga aikin kaki.

1.0 Gabatarwa

A Amurka, koyar da aikin tsaro a jami'a ya samo asali ne lokacin da August Vollmer, shugaban 'yan sandan garin Berkeley, ya fara ba da darussa a Jami'ar Kalifoniya a 1916. A Najeriya fannin ya daɗe a ƙarƙashin nazarin halayyar zaman jama'a kafin ya tsaya da ƙafarsa. A yau Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya da Jami'ar Tarayya ta Dutse suna ba da digiri a nazarin laifuka da tsaro. Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil kuwa tana horar da ɗalibi shekara biyar, ya fito da digiri da muƙamin mataimakin sufurtanda. Abin tambaya shi ne: ina sauran ɗaliban za su dosa?

2.0 Abin da Fannin Ya Ƙunsa

Tsarin shari'ar laifuka ƙafa uku gare shi: 'yan sanda, kotu, da gidan gyaran hali. Ɗalibi yana nazarin dalilan aikata laifi, dabarun bincike, manufar hukunci, da halin wanda aka zalunta. Digirin ba ya mayar da mutum lauya, domin tsayawa gaban alƙali yana buƙatar digirin shari'a da horon Makarantar Lauyoyi.

Ɗalibin Arewa yana da ƙarin nauyi. Dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta bambanta da kundin laifuka na jihohin Kudu, sannan daga shekarar 2000 Zamfara da wasu jihohi suka shigo da dokokin laifuka na shari'ar Musulunci. Wanda bai san yadda waɗannan ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba, iliminsa ragagge ne.

3.0 Guraben da Aka Saba

Hukumomin da ɗalibai suka fi hari su ne rundunar 'yan sanda, NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da aka kafa a 1989, ICPC mai yaƙi da cin hanci ta 2000, da EFCC mai yaƙi da laifukan kuɗi da NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane waɗanda suka fara aiki a 2003. Sai dai waɗannan hukumomi suna ɗaukar masu digiri daga fannoni barkatai. EFCC, alal misali, tana buƙatar akantoci da masana kwamfuta. Saboda haka mai digirin nazarin laifuka yana gogayya ne da kowa da kowa a wannan ƙofa.

4.0 Sabon Fage

Dokar 2015 ta hana kama wani a madadin wanda ake zargi, ta ɗora wa majistare ziyartar caji ofis duk wata don duba waɗanda ke tsare, ta kuma ba kotu damar yanke hukuncin yi wa al'umma hidima maimakon ɗauri. Dokar 2019 ta sauya sunan hukumar gidajen yari, ta raba aikinta gida biyu: na tsarewa da na wajen tsarewa. Na biyun ya haɗa da hidimar al'umma, ɗaurin talala, sakin fursuna bisa sharaɗi, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta.

A ɗauki matashin da ya saci waya a karon farko. Kafin alƙali ya ɗora shi a kan ɗaurin talala, yana buƙatar rahoto: wa ke riƙonsa, yana da sana'a ko yana shaye-shaye, mai unguwa zai tsaya masa? Bayan hukunci kuma sai an sami jami'in da zai riƙa bibiyarsa, ya tabbatar ya je sharar asibitin da aka ɗora masa, ya rubuta wa kotu idan ya saɓa. Idan babu wannan jami'i, alƙali ba shi da zaɓi sai tara ko ɗauri, kuma wanda ya kasa biyan tara gidan yari zai kwana. Wannan na faruwa ne a ƙasar da kusan kashi biyu bisa uku na mazauna gidajen gyaran halinta masu jiran shari'a ne.

Gyaran kundin tsarin mulki na 2023 ya ƙara faɗaɗa fagen, domin ya ba jihohi ikon kafa nasu hukumomin gyaran hali.

5.0 Kammalawa da Shawarwari

Binciken ya nuna cewa doka ta riga manhaja tafiya. Don cike wannan giɓi, ana ba da shawarar jami'o'i su koyar da rubuta rahoton kotu da dabarun sulhu, su kuma tura ɗalibai sanin makamar aiki a kotunan majistare da na shari'ar Musulunci. Gwamnatocin jihohi su ware guraben jami'an hukuncin wajen tsarewa, tare da fifita masu wannan digiri. Ɗalibai su ma su haɗa karatunsu da ƙididdiga ko ilimin kwamfuta. Muddin ba a ɗauki ma'aikatan da za su aiwatar da su ba, tanade-tanaden dokokin nan za su ci gaba da zama a takarda, cunkoson gidajen gyaran hali kuma ba zai ragu ba.